Rubutun Naka Ne, Makullin Na Wa?

Wata ranar Alhamis da la'asar sakaliya na shiga wani shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a, shafi 5 kacal nake so a fitar mini. Janareta na ta ruri a waje, layi har bakin titi, saboda makon miƙa kundin kammala digiri ne. Wadda ke gabana ɗaliba ce. Ta miƙa filashi, mai shago ya soka a kwamfutarsa ya danna. Fayil ya buɗe, sai dai ba yadda ta kwanta ta bar shi ba. Jadawalin babi na huɗu ya zarce gefen takarda, rabin alƙaluman sun ɓuya. Kanun babi na biyu ya koma gindin shafin da ya gabace shi, yana zaune shi kaɗai kamar maraya. Kundin da ta ce shafi 81 ne ya kumbura ya zama 87, wato duk lambobin da ta jera a shafin ƙunshiya sun tashi daga aiki.

"Malam, wallahi jiya da daddare lafiya ƙalau na bar shi."

"Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, tun safe abin da muke fama da shi ke nan. Bashan ɗinki ya fi nawa, wato manhajarki ta fi tawa zama sabuwar fita. Da ma kin mayar da shi PDF tun daga gida, shi ba ya gocewa a kowace kwamfuta."

"To yanzu ya za a yi? Gobe ƙarfe 10 za a rufe karɓa."

"Sai dai a zauna a bi shi shafi-shafi. Amma fa kuɗin gyara daban."

Ta buɗe jaka ta biya, ta jawo kujerar roba ta zauna. A bayana kuwa wasu samari biyu suka samu abin yi. Ɗaya ya ce da MacBook gare ta da ba ta ga wannan rana ba. Ɗayan ya ce masu MacBook kuɗin tambarin tuffa kawai suke biya, HP ɗinsa ta gwanjo babu abin da ba ta yi. Kafin a jima sun kai ga batirin wa ya fi daɗewa, fankar wa ta fi ƙara. Irin musun 'yan Madrid da 'yan Barca ne a teburin mai shayi, wanda ake yi don daɗin baki, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu ɗayansu da ya sosa wa yarinyar nan inda ke mata ƙaiƙayi. Ko da kwamfutar zinare ta yi rubutun, muddin manhajar da ta ajiye shi da wadda za ta buɗe shi ba su yi ittifaƙi a kan yadda aka jera abin da ke ciki ba, haka za ta gani. Kowane fayil yana da tsarin da aka bi aka zuba rubutu da hotuna da jadawali a cikinsa, bari in kira shi zubi. Wanda ke da ikon cewa daga yau an canza zubi, shi ke riƙe da makullin abin da ka rubuta. Shekara da shekaru muna musu a kan tambarin da ke bayan murfin kwamfuta, makullin kuwa ba mu taɓa tambayar aljihun wa yake ba.

Gabar Apple, mai MacBook, da Microsoft, mai Windows ɗin da ke kan irin su HP, ta girmi waɗannan samari. IBM ya fito da kwamfutarsa a 1981 ɗauke da DOS na Microsoft, manhajar da ke tafiyar da ita, Apple ya fito da Macintosh a 1984, Windows ya biyo baya a 1985. A 1988 Apple ya maka Microsoft a kotu, yana cewa an kwaikwayi fasalin allonsa, tagogin nan da 'yan hotunan da ake dannawa. Shari'a ta ja shekaru, Apple ya sha kaye. Daga 2006 zuwa 2009 kuma ya yi ta sakin tallace-tallacen da ake nuna Mac a matsayin saurayi ɗan gayu, PC kuma wani magidanci mai kwat da kullum yana cikin wata sabuwar matsala. Masu saye suka ɗauki faɗan suka aza a ka kamar gadon gidansu.

Amma a tsaya a dubi watan Agusta na 1997. Apple na gab da durƙushewa, Steve Jobs bai daɗe da komowa kamfanin ba. A taron Macworld a birnin Boston ya sanar da cewa Microsoft zai zuba dala miliyan 150 a Apple, sai ga fuskar Bill Gates a ƙaton allo a bayansa, masoya Apple da ke zauren suka ɓarke da ihun ƙin amincewa. Kuɗin aka fi yayatawa. A ganina abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne ɗaya alkawarin, cewa Microsoft zai ci gaba da fitar da Office, wato su Word da Excel, na Mac har tsawon shekara 5. Jobs ya san babu ofishin da zai sayi kwamfuta, komai kyanta, in ba za ta buɗe wasiƙar da aka aiko daga ofishin maƙwabta ba. Masu gida sun san inda ƙarfin yake, 'yan kallo ne aka bari da tambari. Abin dariya ma, Excel ɗin da ake gani kamar ɗan gidan Windows a kan Mac aka fara fitar da shi a 1985, PowerPoint ma a kan Mac ya fara a 1987 kafin Microsoft ya saye kamfanin da ya ƙera shi.

Ga yadda zubi ke zama igiyar ɗaure mai saye. Lokacin da Word 97 ya fito, an canza zubin fayil ɗinsa, mai Word 95 ba ya iya buɗewa sai ya nemo wata 'yar manhajar fassara. Shekara 10 bayan nan Office 2007 ya zo da sababbin zubi, docx da xlsx da pptx, mai Office 2003 ya sake tsintar kansa a waje, sai ya sauke wani ƙarin ƙunshi kafin ya karanta abin da aka aiko masa. A lura, babu wanda ya zo gidanka ya ce dole ka sayi sabo. Tsohon naka yana aiki, yana buga wasiƙa, yana lissafin albashi. Shugaban ofis ne zai sayi sabuwar kwamfuta, ya aiko da takarda ɗaya, ka danna ta ƙi. Ka yi masa magana sau ɗaya, sau biyu, a na uku kunya ta kama ka, kada a ce kai ne baƙauyen ofis. Sai ka sabunta. Daga ranar kai ma ka zama mai aika wa na ƙasa da kai abin da ba zai buɗu ba. Haka abin ke yaɗuwa kamar mura a aji, kamfani bai kashe ko sisi a talla ba, mu ne muke yi masa dillanci da hannunmu.

Kada masoya tuffa su yi murmushi, laifi tudu ne. Duk wanda aka taɓa aiko wa fayil ɗin Pages, manhajar rubutu ta Apple, alhali Word gare shi ya san ba ya buɗuwa. A 2011 Apple ya fitar da Final Cut Pro X, manhajar tace fim, ta zo ba ta buɗe ayyukan da aka yi da Final Cut Pro 7. Mutanen da suka yi shekaru suna tace finafinai da kayan kamfani ɗaya suka wayi gari sabuwar ba ta san tsohuwar ba, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a zubin HEIC, wanda ya fi tsimin wuri, gaskiya ne, amma je ka ɗora shi a shafin neman aiki da ke jiran JPEG ka gani. Faifan ajiya da aka tsara da NTFS na Windows kuwa, Mac zai karanta abin da ke ciki amma ba zai rubuta a kai ba. Ko kan caja sai da Tarayyar Turai ta kafa doka kafin iPhone ta koma USB-C a 2023.

A wajenmu ma'aikatan ɗab'i sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin sana'arsu a kan CorelDRAW ta ginu: katin ɗaurin aure, fastar ɗan takara, kalandar makarantar Islamiyya, takardar shaidar sauka. Tsohon Corel ba ya buɗe fayil ɗin sabo. Shi ya sa tambayar farko tsakanin mai zane da mai injin bugawa ita ce wane bashan ne, sai kuma umarni biyu da kowane yaron shago ya haddace: sauke shi zuwa tsohon bashan X3, sannan ka mayar da rubutun zane kafin ka turo. Na biyun dabara ce ta kauce wa matsalar haruffa, domin in babu irin samfurin haruffanka a kwamfutar can, sunan amarya zai fito da wata kama daban. Amma da zarar an mayar da rubutu zane ya daina zama rubutu. In aka ga kuskure a sunan waliyyi, ba a goge harafi a sa wani, sai an koma tushe, in tushen yana nan.

Adalci ya sa in ce ba kowace irin wannan matsala ce mugunta ba. Wani lokaci ma ƙoƙarin kada a ɓata wa tsofaffin fayiloli ne ke haifar da abin mamaki. Buɗe Excel ka rubuta 29 ga Fabrairu 1900, zai karɓa hannu bibbiyu, alhali ba a taɓa yin wannan rana ba a duniya, domin Fabrairun 1900 kwana 28 ya yi. Kuskuren na Lotus 1-2-3 ne, manhajar lissafin da ta mamaye kasuwa kafin Excel. Microsoft ya kwafo kuskuren da gangan don fayilolin Lotus su buɗu daidai, kuma har yau yana nan, saboda gyara shi zai gusar da kwanan wata a tarin takardun da ba su ƙirguwa. Tsofaffin Excel na Mac kuma daga 1904 suke fara ƙirga kwanaki, na Windows daga 1900. In ka kwafi ranaku daga wannan littafin lissafi zuwa wancan, sai su gusa da shekara 4 da kwana 1, wato kwana 1,462. Ka ƙaddara jadawalin ranakun ritayar ma'aikata ne. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan don ya cuci wani. Injiniyoyi ne a ɗakuna biyu, kowa ya yanke abin da ya ga ya dace a lokacinsa, mu muka gaji sakamakon.

Na yarda da wannan. Na kuma yarda manhaja ba za ta tsaya cik ba, sabon aiki wani lokaci yana bukatar sabon zubi. Inda na ja daga shi ne a canza zubin a ɓoye bayaninsa, yadda babu mai iya ƙera wata manhajar da za ta karanta shi sai da lalube. Ba ni kaɗai na ga haka ba. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497, kuma ɗaya daga cikin laifuffukan shi ne hana abokan gasa bayanan da kayansu ke bukata don su yi aiki tare da Windows.

Mu masu rubutu da Hausa muna da namu ciwon a kan na kowa, kuma shi ya fi ci mini rai. Lokacin da kwamfuta ta shigo ofisoshi da jami'o'inmu, babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinta. Masana suka tashi tsaye. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka ƙera samfuran haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1990, kuma marubuta da maɗaba'u sun ci moriyar wannan aiki ƙwarai, ba don irinsa ba da littattafai da yawa sun fito da ƙasa da kasa a rubuce iri ɗaya. Dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta amfani da ita, a zana namu a wurin. Ka danna q allo ya nuna maka ƙ, ka danna x ya nuna ɗ, ka danna v ya nuna ɓ. A wani samfurin kuma alamomin baka ne aka ara. Ido yana ganin ƙ, amma abin da kwamfuta ta ajiye a cikinta q ne. Zanen aro ne, kuma an san ba ya rufe katara. Ranar da fayil ya je kwamfutar da babu wannan samfuri, ko aka kwafe shi aka ɗora a intanet, sai asiri ya tonu: ka ga qasa da xaya da varawo, ko kuma }asa da ]aya da ~arawo. Duk mai yawan karanta Hausa a intanet ya ci karo da irin wannan.

Abin ya wuce muni a ido. In ɗalibi ya nemi kalmar ƙarangiya a intanet ko a rumbun kundaye, injin bincike ba zai kawo masa shafin da aka ajiye ta a matsayin qarangiya ba, balle }arangiya. A wurin na'ura kalmomi uku ne da ba su haɗa komai ba. Manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba za ta furta ta ba, mai duba kuskuren rubutu ba zai gane ta ba. Kundayen digiri da maƙalu da littattafai na shekaru masu yawa suna nan a ajiye cikin wannan hali, ana ganinsu amma ba a samunsu.

Maganin ya daɗe da samuwa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya bai wa kowane harafi lambarsa ta kansa, har da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Lambar ba ta Apple ba ce, ba ta Microsoft ba ce, ba ta Google ba ce, dukansu sun zauna a teburi ɗaya sun amince da ita. Shi ya sa saƙon da ka rubuta da ƙ a wayar Tecno yake isa iPhone a matsayin ƙ. Windows na da allon rubutun Hausa, wayoyin Android ma haka. Wannan shi ne hujjata mafi ƙarfi: ranar da abokan gaba suka yarda da ma'auni ɗaya, matsalar ta mutu, kuma babu wanda ya yi asarar kasuwa. Abin takaici shi ne har yanzu akan samu inda ake cewa ɗalibi ko marubuci sai ya kawo aikinsa da tsohon samfuri, don shi aka saba da shi. Wato a 'yan shekarun nan ma muna ƙara tara wa na baya aikin da za su zo su warware.

Maganar na baya ta tuna mini da wani labari daga Ingila. A 1086 aka yi ƙidayar filaye da dukiyar ƙasar bisa umarnin Sarki William, aka rubuta a fata, kundin da ake kira Domesday. Da ya cika shekara 900, a 1986, BBC ta shirya na zamani: mutane kusan miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka tattara bayanai da hotunan garuruwansu, aka zuba a manyan faya-fayan leza da sai wata na'ura ta musamman ke karantawa. Kafin a yi shekara 20 na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto. Na fatar kuwa yana nan a gidan adana tarihi da ke Kew, mai ido da ilimin Latin zai karanta. Mu ma muna da irinsa. Rubuce-rubucen ajami da na Larabci na malaman ƙarni na 19 suna nan a Arewa House da ke Kaduna da gidajen malamai a Sakkwato da Kano da Katsina, tawada da takarda, almajirin da ya iya baƙi zai zauna ya karanta. Amma wasiƙar da wani sakataren ƙaramar hukuma ya buga a 1998 ya ajiye a fulofi, ɗan faifan ajiyar wancan zamani, wa zai buɗe ta yau, da wace na'ura, da wace manhaja?

Wannan ya sa nake ganin maganar ta fi ƙarfin shagon buga takardu. Mutum shi kaɗai yana da 'yancin ya sayi abin da ransa ke so, ya ajiye waƙoƙinsa a duk zubin da ya ga dama. Hukuma ba ta da wannan 'yanci, domin takardunta ba nata ba ne. Hukuncin kotu, takardar mallakar fili, sakamakon jarrabawa, bayanan fansho, kasafin kuɗi, duka na jama'a ne, har da waɗanda ba a haifa ba. Bai kamata a ce sai ɗan ƙasa ya biya wani kamfani a Amurka kafin ya karanta abin da gwamnatinsa ta rubuta da kuɗin harajinsa ba, ko kuma, kamar yadda aka fi yi a nan, sai ya sa manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta.

An gwabza a kan wannan a duniya. Akwai buɗaɗɗen zubi mai suna ODF, wanda hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006, bayaninsa a fili yake, kowa na iya ƙera manhajar da za ta karanta shi. Jihar Massachusetts ta Amurka ta riga ta ce a 2005 shi za ta bi. Microsoft ya ga inda iska ta dosa, sai ya kai nasa zubin, wannan docx ɗin, a yi masa hatimi shi ma. Bayaninsa ya haura shafi 6,000, aka nemi a wuce da shi ta hanyar gaggawa. Ƙuri'ar farko a 2007 bai samu ba, a ta 2008 ya tsallake cikin cece-kuce, har Afirka ta Kudu da Birazil da Indiya da Benezuwela suka ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. Aka wayi gari da ma'auni biyu na abu ɗaya, kamar kasuwar da ke da tiya biyu, kowane ɗan kasuwa na cewa tasa ce ta sarki. Duk da haka faɗan ya yi rana. Docx na yau ba rufaffen akwati ba ne kamar doc na da. In kana so ka gani da idonka, kwafi wani fayil, ka goge docx ɗin ƙarshen sunansa ka rubuta zip, ka buɗe. Za ka tarar da wasu fayiloli a jere, rubutunka na cikin ɗaya daga ciki, ana iya karanta shi ko babu Word. Matsin lambar gwamnatoci na cikin abin da ya kawo haka.

Masu cewa a koma manhajojin kyauta kawai a huta su ma su yi hattara. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawara a 2003 ya bar Windows ya koma Linux, ya sauya kwamfutoci wajen 15,000, ana ta yi masa tafi. A 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma cikin koke-koken ma'aikata akwai wahalar musayar takardu da sauran ofisoshin da ba su sauya ba. Masu zargi sun lura cewa Microsoft ya maido hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin a 2016, kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama. Ni darasin da na ɗauka daban ne. Munich ta canza jirgi alhali layin dogon maƙwabta bai canza ba. Mun san wannan a gida: jirgin Abuja zuwa Kaduna ba zai hau tsohon layin Legas zuwa Kano ba, faɗin layukan ba ɗaya ba ne, komai ƙarfin injinsa. Birtaniya ta fi dabara a 2014. Ba ta ce wa kowa ga manhajar da zai saya ba, cewa ta yi takardun gwamnati da za a yi aiki a kansu tare su kasance ODF, waɗanda za a karanta kawai su kasance PDF/A, wato PDF na ajiyar dogon lokaci, ko shafin intanet. Layin ta daidaita, ta bar kowa ya zaɓi jirginsa. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, takwarar Office ta kyauta, za mu ga yadda tata za ta kaya.

Abin da nake nema a gida bai kai wannan tsada ba, ba ya bukatar kwangila, wataƙila ma shi ya sa ba zai burge kowa ba. Hukumomi irin NITDA mai kula da fasahar zamani da NUC mai kula da jami'o'i da gidan adana tarihi na ƙasa suna da ikon fitar da takarda mai shafi ɗaya: duk abin da za a ajiye don tarihi a ajiye shi a PDF/A, wanda ke ƙunshe da haruffansa a cikinsa, tare da kwafin da za a iya gyarawa a buɗaɗɗen zubi. Duk rubutun Hausa da na sauran harsunanmu masu haruffa na musamman a yi shi da Unicode. Kada wata ma'aikata ta ƙi karɓar takardar ɗan ƙasa don ba da manhajar kamfani kaza ya rubuta ta ba. Sassan koyar da Hausa kuma su ɗauki tsofaffin kundayen nan su juye su. Aikin mai sauƙi ne, musanya harafi da harafi ne, ɗalibin kwamfuta ɗan aji biyu zai rubuta abin da zai yi shi, sai dai a kula kada a taɓa q da x da v na kalmomin Turanci da ke cikin kundin.

Gaggawar ta ƙaru saboda yanzu manhajoji da yawa ba a sayar da su, haya ake bayarwa. Adobe, kamfanin manhajojin zane da hoto, ya koma biyan wata-wata tun 2013, Microsoft ma can ya karkata. Da, in ka sayi faifai naka ne har ya tsufa. Yanzu ranar da katinka ya gaza biyan dala, ƙofar ɗakin da ka tara aikinka na iya rufuwa, ko a bar ka ka leƙa ta taga ba ka iya taɓa komai. Ga shi Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ya hawa tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin waɗanda ake jibge mana daga Turai, waɗanda su ne a shagunanmu da ofisoshinmu da jakunkunan ɗalibanmu. Tazarar da ke tsakanin mai sabon bashan da mai tsoho za ta ƙara faɗi, kuma an san gefen da yawancinmu muke.

Da layi ya zo kaina a shagon nan, mai shago bai ko ɗago kai ba ya ce, "Alhaji, naka PDF ne?" Na ce masa shi ne. Minti 2 ba a yi ba shafukana 5 suka fito da ɗuminsu. Ɗalibar tana gefe da yaron shago, sun kai shafi na 23, tana nuna masa da yatsa inda jadawali ya kamata ya tsaya. Samarin biyu kuwa sun bar maganar kwamfuta, sun koma kan iPhone da Samsung.